Me ke kunnenku a wannan watan?

Kawu Bala:
Salamu alaikum jama'a. Wata ya kama, ga zarenmu na kullum. Kowa ya faɗi abin da yake saurare kwanakin nan: wa ya kaɗa, wace shekara aka ɗauka in ya sani, kuma me ya sa abin ya kama shi. Ban da talla, ban da siyasa.

Ni dai tun da hunturun nan ya shigo ban rabu da Pablo Casals ba. Kiɗan Bach ne guda shida da ya tsara wa celo shi kaɗai, wato babban gogen nan na Turawa da ake tokarewa da ƙasa a riƙe tsakanin gwiwoyi. Ba ganga, ba 'yan amshi, mutum ɗaya ne da tsirkiya huɗu. Casals yana ɗan shekara 13 ya tsinci takardun a wani shago a Basalona, ya shafe shekara goma sha biyu ko fi yana bita a ɗaki kafin ya yarda ya kaɗa wa jama'a, kuma bai ɗauke su a faifai ba sai tsakanin 1936 da 1939, yana wajen shekara sittin. Faifan na da shuu kamar ana suyar ƙosai a maƙwabta. Bayan minti biyu kunne ya daina jin suyar.

Likita Safiya:
Wa alaikumus salam Kawu. Allah ya ƙara lafiya. Ni ma Bach ɗin ne, amma a fiyano. Na koma kan Glenn Gould, ɗaukarsa biyu ta Goldberg, ta 1955 da ta 1981, ina jin su bi da bi a hanyar asibiti. Kiɗa ɗaya ne, takarda ɗaya, hannu ɗaya, amma wallahi kamar mutum biyu. A ta farko yana ɗan shekara 22, ya kwashe ta a guje cikin minti 38 da 'yan kai. A ta biyu ya kai minti 51, yana ajiye kowane sauti kamar mai jera ƙwai a tire. Shekara guda bayan ta biyun ya rasu, yana da shekara 50.

Ranar Asabar da ta wuce na shiga jirgin ƙasa zuwa Laifzig, na leƙa majami'ar Tomas inda Bach ya yi aiki daga 1723 har rasuwarsa a 1750. Kabarinsa na ciki, farantin ƙarfe ne kawai a ƙasa da sunansa, mutane sun zuba furanni. Na yi zaton zan ga wani gagarumin gini a kansa.

Ɗan Tela:
Anti Likita na nemo na 1955 ɗin yanzu a YouTube. Tambaya: wane ne ke gunguni a bayan kiɗan? Na ɗauka keken ɗinkina ne ya fara kuka har na tsaya na duba.

Likita Safiya:
Shi ne da kansa, ƙanena. Ba ya iya kaɗawa sai yana bin kiɗan da murya ƙasa-ƙasa, masu ɗaukar sauti sun yi fama da shi har suka haƙura. A ta 1981 ma ya fi fitowa. Mutum ne mai abubuwan mamaki: kujera ɗaya gajeriya da mahaifinsa ya gyara masa yake yawo da ita ko'ina, kuma a 1964 ya daina kaɗawa gaban jama'a ɗungurungum, ya ce shi da ɗakin ɗaukar sauti har abada.

Nura Situdiyo:
Wannan gungunin da suyar ƙosan Kawu duk aikin minti goma ne a kwamfuta yanzu. Akwai manhajojin da ke raba murya da kiɗa, su tsame shuu, su bar maka abin tas. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya azabtar da kunnensa a wannan zamanin ba.

Ni abin da ke kunnena aiki ne. Wani ya kawo min tsohon kaset na Shata, na wanke shi, na ɗan ɗora masa bugu na zamani a ƙasa don yara su iya ji a mota. In kun ji yadda ya fito sai kun rantse jiya aka yi shi.

Malam Habu:
Nura, ɗana, maimaita min. Ka ɗora me a ƙarƙashin kalangun Shata?

Nura Situdiyo:
Baba bugu ne kaɗan, ba mai yawa ba. Don ya yi nauyi a sifika.

Malam Habu:
Inna lillahi. Shekara talatin da ɗaya na yi ina juya faifai da tef a gidan rediyo kafin na yi ritaya, ban taɓa jin kalangu ya nemi taimakon inji ba. Kai ka san me kalangu yake yi kuwa? Magana yake yi. Makaɗi na matse tsirkiyoyin a hammata, sautin ya hau ya sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka. Shata zai jefa magana, kalangu ya mayar masa, 'yan amshi su rufe. Kuma ba a kan ma'auni ɗaya suke tafiya ba daga farko har ƙarshe. In waƙa ta yi zafi sukan ƙara sauri ba tare da kowa ya ce a ƙara ba, in ya zo kan wani zance mai nauyi su ja baya su ba shi fili. Injinka bai san wannan ba. Shi bugu ɗaya ya sani, kamar agogon bango. To ɗaya daga biyu ka yi: ko dai ka bar bugunka yana karo da kalangu, ko ka yayyanka muryar mutumin ka jajja ta don ta zauna a kan agogonka. Wanne ka yi?

Nura Situdiyo:
Na ɗan daidaita ta a wurare kaɗan.

Malam Habu:
Ka ji ko.

Hajiya Rabi:
Malam a yi masa a hankali, yaro ne, kuma da niyyar alheri ya yi. Bari in sako nawa kafin wuta ta ci zaren.

Ummu Kulsum nake ji, kamar kullum, 'ya'yana har sun gaji da tsokanata. Na saba da ita tun muna zaune a Umdurman ina yarinya, maƙwabciyarmu ba ta da wani aiki da daddare sai ita. A zamaninta ranar Alhamis ta farkon kowane wata take fitowa, gidan rediyon Alƙahira ya watsa kai tsaye, tituna su yi tsit. Wannan makon Inta Umri nake ta maimaitawa, wadda Muhammad Abdulwahab ya tsara mata kiɗanta a 1964, karon farko da suka yi aiki tare bayan shekaru ana ganinsu kamar kishiyoyi.

Abin da ya sa na kawo ta: akwai ɗaukar waƙoƙinta da aka yi a ɗaki, akwai ta gaban jama'a. Ta ɗakin ta fi tsabta nesa ba kusa ba. Amma ni ba na jin ta. A ta gaban jama'a za ta rera baiti ɗaya, mutane su yi ihu su ce ta sake, ta sake shi ta wata hanya, su sake ihu, ta sake, har sau biyar ko shida, kowanne da irin lanƙwasarsa. Wani mutum can baya zai kurma kabbara shi kaɗai. In Nura ya wanke wannan ihun, ya wanke dalilin da ya sa ta sake baitin.

Nura Situdiyo:
Hajiya ai ihun jama'a daban, shuu na tef daban. Shuu ba ya cikin waƙar, lalacewa ce. Shata bai rera shuu ba.

Likita Safiya:
A nan kam Nura na da gaskiya, kuma kada mu haɗa abu biyu. Casals ɗin da Kawu ke ji ma ai an wanke shi. Faifan asali irin na garmaho ne mai juyi 78 a minti, kowane gefe bai wuce minti huɗu zuwa biyar ba, sai makaɗi ya tsaya a sa sabon faifai. Injiniyoyi ne daga baya suka haɗa guntayen, suka rage ƙarar allura. Ba don su ba da babu mai jin sa a waya yau. Rage shuu gyara ne. Ɗora bugun da babu shi a ranar, wannan kuma sabon abu ne aka ƙirƙira aka liƙa wa sunan mamaci.

Amma akwai abin da ke damuna tun ɗazu da nake son Malam Habu ya duba min. Bach bai bar ko sautin daƙiƙa ɗaya ba, ya rasu fiye da shekara ɗari kafin a ƙirƙiro na'urar ɗaukar sauti. Takarda ya bari. Saboda haka in Gould ya yi gudu, ko ya yi gunguni, ko ma ya kaɗa a fiyano alhali Bach ya rubuta Goldberg ne don wani kayan kiɗa mai hawa biyu da ake kira hafsikod, babu abin da ya ɓace. Takardar na nan, gobe wata za ta zo ta kaɗa yadda ta fahimta. Ɗaruruwa sun ɗauka, ana ta gardamar wa ya fi, gardamar ma ita ce rabin daɗin. Mu kuwa namu manyan, muryar ita ce takardar. In aka taɓa tef ɗin Narambaɗa, ina za a koma a duba?

Malam Habu:
Likita, Allah ya yi miki albarka, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Babu inda za a koma. Malaman jami'a sun rubuta baitocin, a Sakkwato da Kano da Zariya an yi digiri a kansu ba adadi, amma baiti a takarda gawa ce. Ba ya gaya miki inda Narambaɗa ya ja numfashi, ko yadda kotso ke shigowa, ko yadda 'yan amshinsa ke karɓe magana tun bai ƙarasa ba su ƙarasa masa. Wannan karɓeɓeniyar ita ce gidan Narambaɗa, ita ce gidan Ɗanƙwairo. Ba amshi ba ne irin na maimaita layi ɗaya, saƙa ce.

Sai dai zan ƙara miki wani abu da zai rikita lissafin. Ko a wurin namu, babu ɗauka ɗaya da za a ce ita ce waƙar. Bakandamiyar Shata da na juya a rediyo ba guda ɗaya ba ce. Ya yi ta yana da ƙuruciya, ya yi ta da furfura, kowane lokaci da abin da ya ƙara da abin da ya zubar, gwargwadon wurin da wanda ke zaune a gabansa. To kin ga shi ma Gould ɗin kansa ne, 1955 ɗinsa daban, 1981 ɗinsa daban. Bambancin kawai, da ya rasu a 1999 aka rufe ƙofa. Abin da aka ɗauka shi ke nan, ba ƙari. Shi ya sa nake tada jijiyar wuya a kan kowane kaset. Wanda aka kai wa Nura wataƙila wani ne ya ɗauka da rikodarsa a wani biki, kuma duk duniya babu irinsa.

Nura, ina asalin kaset ɗin yake?

Nura Situdiyo:
Yana nan a aljihun tebur Baba. Ban taɓa shi ba, kwafi na yi aiki a kai.

Malam Habu:
To Alhamdu lillahi. Ka rage min hawan jini.

Isuhu Damagaram:
Salamu alaikum, na iske ana tsakiyar shari'a. Ni Toumani Diabaté nake ji tun da Allah ya yi masa rasuwa a 2024, faifan da suka yi da Ballaké Sissoko a 1999, kora biyu kawai, wato kayan kiɗan mutanen Mali mai tsirkiyoyi da yawa, ba murya. Iyayensu maza ma sun taɓa yin irin wannan faifan tare, 'ya'yan suka zo suka maimaita. Wannan ya sa nake ganin maganar Likita ba ta cika ba. Tsakanin takarda da tef akwai hanya ta uku, ita ce hannu zuwa hannu. Mutanen Mali kiɗan kora ba a takarda suka gada ba, kuma bai mutu da kakanninsu ba.

Mu ma a nan Nijar mun ga misali. Malam Maman Barka ya tashi takanas ya je yankin Tafkin Cadi ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, a hannun dattijon da ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya. Ya fitar da shi duniya kafin shi ma ya rasu a 2018. Da ya tsaya jiran tef da yanzu sai a gidan tarihi.

Malam Habu:
Gaskiya ne Malam Isuhu, kuma 'ya'yan Ɗanƙwairo da jikokinsa sun riƙe kotso, ban musa ba. Amma ka saurari ɗa ka saurari uba. Gida ɗaya ne, murya ba ɗaya ba. Kora tsirkiya ce, in ɗa ya gaji hannu ya gaji kusan komai. Maƙogwaro ba a gadonsa.

Isuhu Damagaram:
Ban yarda duka ba Malam, amma na karɓi rabi.

Injiniya Sadiƙ:
Ku yi haƙuri in dawo da mu Turai kaɗan, don ni tambayar Kawu na zo amsawa. Simfoni ta biyar ta Beethoven, jagora Carlos Kleiber da makaɗan Biyana, ɗaukar 1974. Na ji wannan kiɗan a hannun jagorori sun fi goma, har na ɗauka ya gama ba ni mamaki. Kleiber ya sa na ji kamar ban taɓa ji ba. Wurin da kashi na uku ke lallaɓawa ya shige na huɗu, ganga na bugawa can ƙasa kamar hadari na haɗowa daga gabas, sannan komai ya ɓarke, na kusa taka birki a kan titi.

Bayan shi na sa simfoni ta tara ta Beethoven, a hannun jagora Furtwängler. Ina da biyu, ta Bairoit 1951 da ta Balin 1942. Ta 1942 sautinta ya fi muni, amma ban taɓa jin kiɗa mai tsoratarwa irinta ba, kamar ana kaɗawa gini na cin wuta.

Likita Safiya:
Injiniya, ta 1942 ɗin nan ni na kasa. Na san wa ke mulkin Balin a shekarar, na san su wa ke zama a kujerun gaba a irin waɗannan tarukan, na kuma san abin da ake yi wa mutane a sansanoni a daidai lokacin da mawaƙan ke rera cewa 'yan Adam duka 'yan'uwa ne. A nan Jamus har yau ba a gama gardama a kan Furtwängler ba. Bai shiga jam'iyyar Nazi ta Hitler ba, ya taimaki wasu makaɗa Yahudawa, amma ya zauna ya yi musu kiɗa.

Injiniya Sadiƙ:
Na sani Likita. Ni a ganina wannan tashin hankalin ne ma ake ji a cikin faifan. Kuma in za mu bi wannan ma'aunin, makaɗan fadarmu nawa ne za su tsira? Duk wanda suka wasa adali ne?

Kawu Bala:
Injiniya, na ga inda ka nufa, kuma tambaya ce ta gaske, amma daga nan sai sunaye su fara fitowa. Mun ce ban da siyasa. Wanda ke son Beethoven ta tara a Balin ba tare da ciwon zuciya ba, ga ta Bernstein ta Kirsimetin 1989, bayan faɗuwar katangar Balin, inda ya sa aka canza kalmar murna ta koma 'yanci. A ci gaba.

Maman Ilham:
Ni ban san manyan sunayen nan sosai ba, a nan nake koyo. Watan jiya wani ya ambaci Jacqueline du Pré da kiɗan Elgar na 1965, shi nake ta ji in yara sun yi barci. Sai daga baya na karanta cewa tana da shekara 20 ta yi shi, ciwon jijiya ya raba ta da celo tana 28, ta rasu tana 42. Tun da na san haka kiɗan ya canza min, har ina tuhumar kaina: kiɗan nake ji ko labarin?

In na gaji da kuka kuma sai in sa Barmani Coge in yi wanke-wanke.

Hajiya Rabi:
Maman Ilham, duka biyun kike ji, kuma ba laifi ba ne. Barmani kuwa ai magani ce. Ƙwarya da murya, ta gama da kowa.

Ɗan Tela:
Na gama na 1981 yanzu. Anti Likita ni wannan ya fi min. Na farkon ya sa na yi ta taka keke da sauri har na karkace wuyan wata riga sai da na farke. Na biyun da ya dawo kan kiɗan farko a ƙarshe, a hankali, sai na ga na tsaya da almakashi a hannu ban yanka komai ba. Gungunin ma ya daina damuna, kamar mutum na zaune kusa da kai yana aikinsa kana naka.

Amma Baba Malam ina da tambaya. Akwai kaset ɗin Ɗan Maraya Jos na mahaifina, kuntigin na fita da wani irin sauri, muryar ta yi siririya kamar ta yaro. Haka yake ko lalacewa ce?

Malam Habu:
Ba haka muryarsa take ba. Wanda ya kwafa ne batirin rikodarsa ya yi sanyi, tef ya riƙa tafiya a hankali lokacin ɗauka. Da ka sa shi a rikoda mai lafiya sai ya yi gudu, murya ta haye sama. Irin wannan kam a gyara, don mayar wa mutum muryarsa ne. Ka ga aikin da ya dace da Nura ke nan, in zai ji magana.

Nura Situdiyo:
Baba ai na ji. Wannan minti biyar ne, in na sami wata ɗaukar mai kyau in gwada sautin kuntigin da ita. Ɗan Tela ka kawo shi. Kada ka sake sa shi a rikoda kafin nan, in tef ɗin ya manne zai iya tsinkewa. Ka sa biro ka juya shi a hankali daga farko har ƙarshe tukuna.

Amma Baba, tsakani da Allah, wanda na ɗora wa bugun nan yara sun fi dubu sun ji shi a waya cikin kwana uku. Wasu a ciki ba su taɓa zama sun ji Shata ba. Wannan ba komai ba ne?

Malam Habu:
Komai ne. Ka rubuta a kai cewa kai ka taɓa shi, ka sa sunanka, ka ɗauki alhakinka. Sannan ka ajiye na asalin a gefensa yadda yaron da ya ji naka zai iya gangarawa ya ji na mai shi. Abin da nake tsoro shi ne shekara ashirin nan gaba a nemi na asali a rasa, naka ya zama shi ne Shata.

Ina da kwali biyu na kaset a ƙarƙashin gado, wasu tun kafin a haife ka. Akwai Sarkin Taushin Katsina, akwai Ɗan Anace yana wasa Shago, akwai waɗanda ban ma rubuta suna a kai ba. Damina biyu da suka wuce ruwa ya shigo ɗakin, ban da ƙarfin zuciyar buɗe na ƙasan. In kana da lokaci ranar Asabar ka zo da na'urarka. Sharaɗi ɗaya: ni zan zauna kusa da kai.

Nura Situdiyo:
Bayan La'asar in sha Allah. Zan zo da sabon bel, na san na rikodarka ya saki.

Likita Safiya:
In kun kwafa don Allah kada ku turo ta saƙon murya na WhatsApp, yana matse sauti ya cinye rabinsa. Ku turo a matsayin fayil, ko da zai yi nauyi. Ina son in ji Ɗan Anace ɗin nan.

Isuhu Damagaram:
Malam Habu, a duba min ko akwai Ali Makaho a cikin marasa sunan.